Akori-kurar daji da ta shafe wata biyar tana karkarwa: abin da aka gwada da abin da ya yi aiki

Motar da aikinta

Wannan bayanin wata mota ce da ta zo hannuna bayan ta yi wata biyar tana ba mai ita wahala, kuma tunda takardar da na riƙa rubuta awo a kai tana nan har yanzu nace bari in baje shi daki-daki saboda masu motocin shiga daji, don irin wannan ciwon ba ya ƙarewa a wajensu. Sunan mutumin da kamfanin motar na bar su a gefe.

Akori-kura ce mai jan ƙafa huɗu, injin dizal silinda huɗu, giyar hannu biyar da ribas, da ogzilari, wato ƙaramar giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya, irin wanda kai da kanka za ka sa a 2H (jan baya kaɗai) ko 4H (jan ƙafa huɗu) ko 4L (jan ƙafa huɗu mai ƙarfi da tafiya a hankali). A baya sifirin ɗinta na ganye ne, furofelar baya kuma, wato dogon bututun ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, gida biyu ce da santa boris a tsakiya yana riƙe da ita jikin shasi. Fulawil ɗinta, wato babban faifan ƙarfen bayan inji da kuloci ke kamawa, dunƙulen ƙarfe ne guda, ba irin mai gida biyun nan da sifirin a ciki ba. Mai motar mutum ne da aikinsa kullum a hanyar da ba kwalta yake, ga kaya a baya ga tirela yana ja wani lokacin, yana tsallaka rafi yana shiga taɓo, kuma gaskiya yana kula da ita, baƙin mai da filta ba ya wuce lokacinsu. Har ta kai kilomita 186,000 kulocin da ta zo da shi ne a jikinta kuma bai taɓa yi masa gardama ba.

Wata na farko, kilomita 186,000: an ɗaga mota

Saboda cikinta yana yawan dukan ƙasa sai ya sa aka canza masa sifirin da shokozoba, motar ta ƙara tsawo da milimita 50, ya kuma cire taya 245/70R16 ya sa 265/75R16 masu manyan haƙora na taɓo. Tsohuwar tayar tsayinta kusan milimita 749 ne, sabuwar kusan 804, wato ta fi da kamar kashi 7 cikin ɗari. Ba a taɓa furofela ba, ba a auna kusurwar komai ba, kuma ba a ce masa ya dawo a sake ɗaure notinan sifirin ba.

Cikin sati biyu ya fara jin wani gurnani-gurnani a ƙarƙashin kujera in gudu ya kai tsakanin kilomita 75 da 90 a awa, madubin ciki yana ɗan rawa har motar da ke bayansa ta zama dishi-dishi. Da yake tayoyin ne sabon abu a idonsa sai ya ɗora musu laifin, aka yi balansin sau biyu, aka juya na gaba zuwa baya, na biyun ma har aka kankare busasshen taɓo daga cikin rim. Sitiyari ya ɗan yi sanyi amma gurnanin kujera yana nan yadda yake. Akwai kuma wata 'yar girgiza da yake ji in ya tashi da kaya ya taka totur da ƙarfi, amma a lokacin bai ɗauke ta komai ba, sai daga baya da na matsa masa da tambaya ya tuna da ita.

Wata na biyu, kilomita 188,500: ranar taɓo

Motar ta kafe a wani kwari bayan ruwan sama, da tirela a bayanta, ruwa da laka sun kai kusan tsakiyar taya. Ya ce min ya fi rabin awa yana gaba yana ribas, ƙafarsa rabi a kan kuloci yana ba ta wuta, kuma mafi yawan lokacin a 4H take, sai can ƙarshe ya tuna ya sa 4L ta fita. Warin ƙonewar kuloci ya cika motar har washegari.

Bayan kwana kamar uku sai sabon abu ya fito. Duk sanda zai tashi a giya ɗaya ko ribas, daidai inda kuloci ya fara kamawa, motar sai ta hau karkarwa gir-gir-gir kamar mai jin sanyi, sandar giya tana kaɗawa, dashbod yana ƙara. In inji ya yi zafi ko a kan tudu ko da kaya abin ya fi muni. Ya koyi dabarar sakin kuloci da sauri don ya tsallake wurin, wani lokacin kuma ya ƙara wuta sosai ya riƙa sakinsa a hankali, wannan na biyun yana rage karkarwar a take amma yana ƙara dafa faifan.

Wata na uku, kilomita 189,200: gareji na farko

An sauke giya, aka ga faifan kuloci ya ƙone ya kusa cin kan ribit, aka sa sabon faifai da sabon rilis boris, wato boris ɗin da ke sakin kuloci in an taka shi. Murfin da ke matse faifan aka ce da sauransa aka mayar da tsohon, fulawil aka goge shi da sanfefa a jikin inji, ba a cire ba ba a auna ba. Mai motar ya ce ya ga danshin mai a cikin ƙoƙon da ya haɗa inji da giya, ya yi magana, aka ce masa tsohon mai ne aka share da tsumma. Wajen sauke giyar kuma an zare furofela, gidan bayanta ya zame daga haƙoran da yake shiga da fita a kai, aka mayar da shi yadda ya shiga kawai.

Karkarwar tashi ta ɗauke, ya ji daɗi sosai. Amma tun a hanyar komawa ya lura gurnanin 75 zuwa 90 ya ƙaru, yanzu har a tafin ƙafa yake jinsa. Ya koma aka ce masa ai kuloci ba ruwansa da gudu, ya je wajen masu taya, wanda rabin maganar gaskiya ce. Bayan kilomita kamar 1,500 karkarwar tashi ita ma ta dawo, da farko sai in mota ta yi zafi, daga baya ko yaushe.

Wata na huɗu, kilomita 191,500: gareji na biyu

Nan an ɗauki wata hanyar daban, aka ce tunda kuloci sabo ne toh ba shi ba ne. Aka canza injin sit biyu da giya sit, wato robobin da inji da giya ke zama a kansu, aka canza kuros ɗin furofela, wato gaɓoɓin da ke ba ta damar juyi a karkace, guda uku duka, aka sake balansin na uku. Giya sit ɗin dai da gaske ya mutu, robarsa ta kumbura ta yi laushi saboda mai ya jiƙa ta, mai motar ya ajiye shi ya nuna min. Da sababbin sit ɗin sandar giya ta rage kaɗawa kuma ƙarar dashbod ta ragu, sai dai karkarwar tana nan a wurinta, gurnanin gudu kuwa ko gezau. Kuros an sa su daidai an yi musu giris, amma gidan furofelar yadda aka same shi haka aka mayar.

Daga nan aka fara ce masa ko giyar ce gaba ɗaya ko difarenshal na baya, wato giyar da ke raba juyin furofela ga tayoyin baya, a sauke a buɗe. Bai yarda ba, ya ci gaba da lallaɓa ta har kilomita 193,300 sannan aka kawo min ita.

Wata na biyar, rana ta farko: gwaji a hanya

Da ya zo abin da yace min shi ne, Malam motar nan jijjiga take, na canza komai ta ƙi dainawa. Nace yallaɓai yau ba za mu kwance ko noti ɗaya ba, ka shiga ka tuƙa yadda ka saba ni ina gefe, duk inda ka ji abin ka ce min ga shi. Na ɗauki takarda da biro da waya mai manhajar auna jijjiga da GPS, saboda da manyan tayoyin nan agogon gudunta yana nuna ƙasa da gaskiya da kamar kashi 7, duk gudun da zan faɗa daga nan na GPS ne.

Sau uku yace min ga shi, kuma kowanne a yanayi daban.

Na farko yana zuwa ne ƙafarsa tana kan kuloci, mota ba ta gama tashi ba, karkarwa ce mai kauri da za ka iya kusan ƙirgawa, kamar sau 10 a sakan. A giya ɗaya akwai, a ribas akwai, in aka tashi da giya biyu ta fi tsanani, a 4L kuma da ƙyar ake jinta saboda kulocin yana gama kamawa nan da nan. Da zarar ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya sai ta tsaya cak.

Na biyu yana farawa ne bayan ya ɗauke ƙafar, tsakanin 10 da 25, in ya taka totur sosai. Daga ƙarƙashin bayan kujera yake tasowa, in ya ɗan sassauta totur sai ya ɓace. Mun ɗora kaya mun sake gwadawa ya ƙaru. Su biyun suna bin juna ba tazara, shi ya sa a jikin direba suke zama kamar abu ɗaya mai tsawo, sai da na sa shi ya saki kuloci a fili ba wuta, motar ta gangara da kanta na sakan biyar, sannan ya taka, a nan ne shi ma ya ji rabuwarsu.

Na uku shi ne gurnanin 75 zuwa 90, kuma a kansa na fi daɗewa. A gudun 80 tayar da kewayenta ya kai mita 2.5 da ɗan ɗoriya tana juyawa kusan sau 9 a sakan, in matsalar balansin taya ce a nan za a ga jijjigar, kuma ita sitiyari da kujera take kaɗawa a hankali. Difarenshal ɗin motar 4.1 ne, wato furofela tana juyi 4.1 kafin taya ta yi ɗaya, kenan furofela tana juyawa kusan sau 36 a sakan, wato wajen 2,160 a minti. In furofela ta lanƙwashe ko ta yar da ɗan ƙarfen balansinta, 36 za a gani. Zanen awon da ke wayar ya nuna tudu babba, wato jijjiga mafi ƙarfi, a kusan sau 72 a sakan, ninki biyu na juyin furofela.

Toh amma akwai tarko a nan, inji mai silinda huɗu yana buga wuta sau biyu a kowane juyi, kuma a giya huɗu juyin inji da na furofela ɗaya ne, kenan shi ma inji 72 zai bayar a wannan gudun. Sai nace ya sa giya biyar ya riƙe 80 ɗin, juyin inji ya sauka amma tudun bai motsa daga 72 ba. Muka kai 90 a hanya miƙaƙƙiya da ba kowa ya sa ta a firi, inji ya koma salo, da muka gangaro ta 80 gurnanin ya sake bayyana duk da ya ɗan fi sauƙi. Muka tsaya ya taka totur a tsaye zuwa 2,200, shiru ba komai. Inji ya fita daga zargi, taya ma haka.

Rana ta biyu: a ƙarƙashin mota

Kafin a kwance komai na sa yaro ya wanke furofelar tas, sai ga kibiyoyi biyu da kamfani ya buga, ɗaya a jikin bututun ɗaya a gidan da ke zamewa, ya kamata su kalli juna amma sun kauce da haƙori biyu. Kunnuwan kuros na tsakiya da na baya ba sa kan layi ɗaya.

Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne kuros ba ya juyi da gudu ɗaya in yana aiki a karkace. Ko da abin da ke juya shi yana tafiya sumul, ɓangaren da ke fita yana ƙara gudu ya rage, sau biyu a kowane zagaye, tun ƙarni na 17 Robert Hooke na Ingila ya gano haka. A kusurwar digiri 3 bambancin bai kai kashi ɗaya cikin 500 ba, a digiri 10 ya kai kashi 1.5 cikin ɗari sama da ƙasa. Abin da ke ceton mota shi ne kuros na biyu da ke bin sa yana warware abin da na farko ya yi, amma da sharaɗi biyu, kusurwarsu ta zo kusan ɗaya kuma kunnuwansu su kasance a layin da aka tsara. In aka kauce sai su bar gyara wa juna, ragowar ta fita a matsayin jijjiga sau biyu a kowane juyi, shi ne 72 ɗin nan. Akwai motocin da kamfani da gangan yake karkata kunnuwan, shi ya sa alamar jikin ƙarfen da littafin motar ake bi ba ido kawai ba.

Don in tabbatar sai muka yi wa filanjin, wato fuskar da ake ɗaure furofela da noti, alama da fenti muka sauke furofelar baya gaba ɗaya, muka sa 4H muka fita da jan gaba kaɗai a hankali ba kaya. Wannan ogzilarin bakinsa na baya filanji ne mai noti don haka mai ba zai zuba ba, wanda furofela ke zura kai cikinsa kai tsaye ba a yi masa haka sai an toshe. Gurnanin 80 babu, girgizar 10 zuwa 25 babu, karkarwar sakin kuloci kuwa tana nan daram.

Da furofelar tana ƙasa na duba santa boris, boris ɗin kansa lafiya yake amma robar da ke rungume da shi ta tsage kusan rabi ta ƙasa inda ido ba ya gani. Na girgiza filanjin difarenshal saboda ina zarginsa, ba wasa ko kaɗan, man cikinsa ma ba garin ƙarfe. Sai kuma abin da ya fi tsaya min a rai a ranar, wajen yubol ɗin, wato lanƙwasassun ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksul, akwai jan gari na tsatsa kamar an barbaɗa, gefen farantin kuma ya yi sheƙi alamar ƙarfe yana gugar ƙarfe. Na sa sifana mai awo, notina biyar cikin takwas suka juya kafin su kai awon littafi, ɗaya ya yi kusan zagaye guda. Sabon sifirin yana zama bayan an ɗan yi tafiya da shi, in ba a sake ɗaurewa ba haka ake samu.

Muka sa sabon santa boris da sababbin yubol, muka daidaita kibiyoyin, muka mayar. Mota tana tsaye da nauyinta a daben da ya miƙe na auna kusurwa da ma'aunin digiri mai maganaɗisu, kuros na gaba digiri 1, na tsakiya 7, na baya 6. Ɗaga mota milimita 50 a kan gidan furofela mai tsawon kamar milimita 800 yana ƙara fiye da digiri 3 da rabi, lissafin ya zauna. A hanya gurnanin 80 ya ragu ƙwarai har madubi ya washe, amma girgizar taka totur da kaya ta rage saura. Abin da ke faruwa shi ne in aka ba mota wuta daga tsaye aksul yana ƙoƙarin juyawa baya, ganyen sifirin ya lanƙwashe, hancin difarenshal ya ɗaga sama, 6 ɗin nan ta baya ta ragu sosai ta bar 7 ta tsakiya ba mai warware ta.

Sai muka fara sauke santa boris ƙasa ta hanyar sa faranti tsakaninsa da shasi. Milimita 6 ya rage bai kashe ba. Da milimita 12 awon ya koma digiri 2 da 5 da 5, muka ɗora kaya muka taka ta a tudu, girgizar ta tafi, gurnanin da ya rage shi ma ya tafi.

Rana ta uku zuwa ta biyar: kuloci

Mai motar bai so a sake sauke giya ba, yace Malam faifan nan fa kilomita dubu huɗu kawai ya yi. Nace yallaɓai zo ka gani da idonka. A ƙasan ƙoƙon kuloci akwai 'yar ƙofa da aka bari don ruwa ko mai ya riƙa fita, busasshen taɓo ya toshe ta kamar siminti, na zura sukundireba na fasa sai ga baƙin mai mai kauri haɗe da laka yana ɗiga a hannuna. Shi ya sa duk watannin nan bai taɓa ganin ɗigo a inda yake fakin ba. Na shinshina, ba shi da warin nan mai hawa kai na man giya, baƙin man inji ne. Ya yi shiru yace a sauke.

Faifan da sauran nama sosai amma fuskarsa ta inji ta yi baƙi tana ƙyalli, in ka taɓa tana ɗan danƙo, kuma ba ko'ina ba, tabo-tabo. Fulawil yana da shuɗayen tabo guda shida ko bakwai da ƙananan tsaga kamar gashi, in ka bi da farce kana jin wurin tabon ya fi tudu saboda zafi ya taurara ƙarfen wurin ya ƙi cinyewa tare da sauran. Tsohon murfin shi ma da nasa tabon uku, yatsun sifirinsa kuma ba tsayi ɗaya ba. Agogon awo ya nuna fulawil yana kaucewa milimita 0.18, littafin motar iyakarsa 0.1. Ɗan boris ɗin da ke cikin gindin karanshaf, wato babban shaf ɗin inji da fulawil ke ɗaure a kai, wanda ke riƙe hancin shaf ɗin giya yana ƙaras-ƙaras, haƙoran shaf ɗin kuma sun bushe da tsatsar ruwan ranar taɓo. Oyil sil na bayan karanshaf, wato robar da ke hana man inji fita, ya taurare kamar busasshiyar fata, da layin mai yana gangarowa daga ƙasansa.

Kuloci mai lafiya yana zamewa ne sumul yana ƙara kamawa a hankali. Wanda mai ya taɓa kuma yake gugar fuska mai tudu da kwari sai ya kama ya saki ya kama ya saki, kowane kamu yana murɗa shaf da furofela da taya kamar sifirin su kuma su mayar, sit ɗin inji suna karɓar duka. In sit ya mutu abin ya fi fitowa fili, shi ya sa canza su ya rage ƙara kawai.

Na bi dalilin zubar man ma, tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa ya lanƙwashe ya kusa toshewa da dattin mai, in iska ta taru a cikin inji ta wajen sil take neman hanya. Muka canza tiyon. Bakin karanshaf ya yi ɗan zare inda leɓen tsohon sil yake gogawa, sai muka zaunar da sabon ya ɗan kauce wa zaren. Fulawil aka kai wajen masu injin wasa ƙarfe aka share fuskarsa da dutse, tsagar ba ta yi zurfi ba ta fita duka kuma kaurinsa bai sauka ƙasa da iyaka ba. Da a ce mai gida biyu ne da yawanci sai dai a canza.

Da muka ɗaura shi na sake sa agogo ya nuna 0.14, raina ya ɓaci na ɗauka aikin wasan ne bai yi ba. Muka sake cirewa sai na ga ɓawon tsatsa da tsohon gam ɗin noti a fuskar karanshaf inda fulawil ke zama, muka kankare muka wanke muka ɗaure notinan a gicciye da awon littafi, ya dawo 0.05. Sannan aka sa faifai da murfi da rilis boris saiti ɗaya sababbi, da ɗan boris na gindin karanshaf, aka wanke fuskokin da abin da ba ya barin maiƙo, giris a haƙoran shaf ɗan kaɗan aka share ragowar don kar ya fantsama kan faifai. Fil biyu da ke saita giya da inji na tabbatar suna wurinsu. Furofela ta koma kan alamar fentinta.

Bayan aiki: kilomita 194,100 da 199,000

Na roƙe shi kilomita 800 na farko ba tirela ba riƙe mota da kuloci a tudu, ya cika alkawari. Da ya dawo muka sake ɗaure yubol, biyu sun ɗan karɓa, ƙofar ƙasan ƙoƙon a bushe. Tashi a giya ɗaya da ribas sumul, da sanyi da zafi. A 199,000 ya sake zuwa bayan ya koma aikinsa da kaya da tirela, na sa waya a wuri ɗaya da na farko, tudun 72 ya kwanta cikin sauran ƙananan. Abin da ya rage kukan haƙoran taya ne a kwalta in an wuce 100, wannan kuwa halin tayar taɓo ne.

Abin da na gani a ciki

A ganina ciwo uku ne motar take da su, kalma ɗaya ta jijjiga ce ta rufe su, kowane gareji ya kama wanda ya fi kusa da hannunsa. Na gudu da na taka totur daga ɗaga motar suka samo asali, kusurwa ta canza ba a auna ba, yubol suka saki, robar santa boris ta sha wahala har ta yage, sannan mayar da furofela a kauce ya ninka abin. Na kuloci ranar taɓo ce ta ƙona fulawil, mai yiwuwa sil ɗin ya riga ya fara tsatsafo kafin nan, toshewar ƙofar ƙasa ce ta tara man a ciki har ya kai ga faifai, manyan tayoyin kuma sun sa kulocin yana daɗewa yana zamewa a kowane tashi.

Aikin gareji na farko shi na fi jin zafinsa, don giya tana ƙasa, mai yana gabansu, mai motar ma ya nuna, awa ɗaya ko biyu ce za ta ƙaru a sa sil a auna fulawil. Na biyu kayan da suka canza ba asara ba ne duka, giya sit ɗin ya mutu da gaske, sai dai ba su tambayi man da ya kashe shi daga ina yake ba. Shi ma mai motar na gaya masa nasa, rabin awar da ya yi a 4H yana dafa kuloci da 4L ya sa tun farko da wataƙila fulawil ɗin bai ƙone ba.

Digiri 5 da muka tsaya a kai ya fi abin da kuros ke so in ana neman ya daɗe, wanda aka fi so bai wuce 3 ba, kuma muddin motar tana a ɗage haka za ta zauna sai in ya yarda a canza furofelar zuwa mai kuros biyu a haɗe a sake saita hancin difarenshal. Yace a bar ta haka tukuna, don haka muka yi da shi duk juyen baƙin mai za a bi kuros uku da giris a girgiza su da hannu, kuma duk ranar da ya shiga ruwa ko laka, kafin taɓon ya bushe ya kwanta ya zura waya a 'yar ƙofar nan ya ga me zai fito.